Daga Tama zuwa Tsatsa: Tarihin Ƙarfe a Kano da Shaidar da Haske ke Bayarwa



Na tabbata akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da tsatsa? Abin da ya haɗa mu shi ne kalmomi. Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko kuwa ya zauna rabin yini a bakin maƙera yana sauraro, zai ji yadda Bahaushe ya wadata ƙarfe da sunaye. Akwai tama, akwai zuga-zugi, da uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da kashin maƙera. An raba maƙeran baƙi da maƙeran fari. An san tutiya daban, dalma daban, tagulla daban. Al'ummar da ke da irin waɗannan kalmomi ba jiya ta san ƙarfe ba. Amma da aka zo kan abin da ke kashe ƙarfen, sai muka tsaya a kan kalma guda, watau tsatsa, alhali kuwa masana sun nuna cewa abin da muke kira da wannan suna ɗaya ya kai iri huɗu ko biyar, kuma kowane iri da labarin da yake bayarwa game da iska da ruwan wurin da ya fito. Maƙasudina ke nan a yau: in bi sawun ƙarfe a Kano tun daga gindin Dala har zuwa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, sa'an nan in yi bayanin wata hanya da ake bi a tambayi tsatsa ta faɗi asalinta.

Labarin baka da muka gada ya ce mutanen farko da suka zauna a nan Abagayawa ne, zuriyar wani maƙeri mai suna Kano wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a wajen Dala, ya zauna. Masana tarihi suna da ja a kan irin waɗannan labarai na mutum ɗaya da ya kafa gari, kuma suna da gaskiyarsu. Sai dai a wannan karon ƙasa ta ba baki shaida, domin gawayin da aka samu a wani tsohon wurin narka tama a Dala, da aka auna shekarunsa, ya nuna ƙarni na bakwai bayan haihuwar Annabi Isa, watau fiye da shekara ɗari uku kafin zuwan Bagauda, wanda ake sa farkon sarautarsa a 999. Ba Kano ce farau ba. A Taruga, kusa da inda Abuja take yanzu, Bernard Fagg ya tono tanderun narka tama a shekarun 1960 waɗanda suka girmi na Dala da wajen shekara dubu, an kuma tono wasu a Samaru ta Zariya a shekarun 1970. Abin lura dai shi ne ƙarfe ne ya fara tara mutane a wannan wuri, kafin kasuwa, kafin ganuwa, kafin fada.

Ya kamata mu ɗan dakata a kan abin da mai narka tama yake yi, domin a nan ne asirin maganar duka yake. Muna cewa ana narka tama, amma a haƙiƙa ƙarfen ba ya narkewa a cikin tanderun gargajiya. Ƙarfe tsantsa ba ya zama ruwa sai zafi ya kai digiri 1,538, tanderun laka kuwa, kome ƙarfin zuga, yakan tsaya wajen digiri 1,200. Abin da ke narkewa shi ne dattin da ke cikin dutsen, ya tsiyaye ya zama kashin tama, ƙarfen kuma ya taru curi guda mai rami-rami kamar soso, a ciro shi a yi ta bugu har ya haɗe. To, ina amfanin gawayi, ban da ba da zafi? Ita tama ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin suka zama dutse. Gawayi idan yana ci cikin ƙarancin iska yakan fitar da wani hayaƙi mai tsananin kwaɗayin oksijin, shi ne ke ratsa tamar ya ƙwace oksijin ɗin ya fice da shi, ya bar ƙarfe shi kaɗai. Saki ne aka yi da ƙarfin wuta. Tun daga ranar da aka ciro curin nan daga tanderu, ƙarfe neman kome yake yi, kuma ruwa ne ɗan aiken da ke shirya su. Komen nan shi ne tsatsa.

Wannan ba salon magana ba ne kawai. Ma'adinan da ke ba marmara da jar ƙasar Kano launinsu, waɗanda masana ke kira hematayit da getayit, su ne dai ake samu a jikin tsohon kwanon rufi da ya yi ja. Tamar da Abagayawa suka tona tsatsa ce da ta shekara miliyoyi a kwance, tsatsar da ke cin injuna a Sharaɗa kuwa sabuwar tama ce.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya nuna yadda ƙarfe ya shiga harkar mulki. A cikinsa ne aka ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ƙyamaren ƙofofin ganuwa an daddaɓe su da faifan ƙarfe, wasunsu suna nan ajiye a Gidan Makama. Garma da fartanya da lauje, waɗanda su ne suka ciyar da birnin, ba a cika ambatonsu a littattafan sarakuna ba, amma su suka fi cin tama. Ko a wancan zamani ma Kano ba ta dogara ga ƙarfenta kaɗai ba, domin da Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar da ruwan takubba na garin Solingen na Jamus a kasuwa, an ratso Sahara da su, maƙera da dukawan gari suna yi musu ƙota da kube. Maƙeran nan sun san maganin tsatsa gwargwadon buƙatarsu: a shafa wa takobi mai a mayar kube, a goge wuƙa da toka, a bar wa fartanya baƙin ɓawon nan da wuta ke yi mata, wanda shi ma wani nau'in haɗin ƙarfe da oksijin ne, amma mai manne wa jiki, ba mai ɗayewa ba.

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. A ganina wannan shekara ta biyu ta fi ta farko tasiri a tarihin ƙira. Jirgi ya kawo sandunan ƙarfen Turai, ya kawo ganguna da ƙusoshi, daga baya kuma tsofaffin motoci da ɓaraguzan kayan reluwe suka cika gari. Mutumin da zai sami gutsuren sifirin mota a kan 'yan kwabbai, me zai kai shi sarar itace da toya gawayi da kwana a bakin tanderu? Ba doka ce ta kashe narkar tama ba, araha ce. Ƙira ta ci gaba, har ta bunƙasa, kamar yadda Philip Jaggar ya nuna a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin Kano. Amma sanin yadda ake fitar da ƙarfe daga dutse ya bi tsofaffi zuwa kushewa. A ƙasar Adar ta Nijar an ɗan ƙara jimawa, har Nicole Echard ta sami damar ɗaukar aikin a fim a shekarun 1960. Mu a nan, jikokin Abagayawa suka zama masu sarrafa ƙarfen da wasu suka narka.

Tare da jirgin ne kwanon rufi ya yaɗu, kuma shi ne darasi na farko da talakan Kano ya gani da idonsa na yadda Turawa ke yaƙi da tsatsa. An yi rajistar dabarar lanƙwasa faifan ƙarfe ya yi tudu da kwari a Ingila a 1829, dabarar tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya kuma wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistarta a 1837. Aikin tutiya ya wuce na riga. Ko da an ƙarce ta har ƙarfen ya bayyana, ita ce za ta ci gaba da lalacewa a madadinsa, sai ta ƙare ƙaf sa'an nan ja ya fito. Saboda haka tsawon ran kwano yana ga kaurin tutiyarsa, abin da mai saye ba ya iya gani a kasuwa, kuma a nan ne masu ha'inci ke cin riba.

Bompai ita ce unguwar masana'antu ta farko a Kano, ta soma tashi a shekarun ƙarshe na mulkin mallaka, a gefen layin dogo da dalar gyaɗa. An yi matsar mai, an yi sabulu da turare da alewa, an yi saƙa. Amma sana'ar da ta fi dacewa da maganarmu ita ce ta kwanukan tangaran, wadda 'yan kasuwar Sin daga Hong Kong suka kafa tun wajen samun mulkin kai, irin su kamfanin Northern Enamelware. Kwanon nan da uwayenmu suka jera a ɗaki, langa da fanteka da kwalla, faifan ƙarfe ne aka buga, aka shafe shi da garin gilashi, aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 800 har gilashin ya narke ya rufe shi ruf. Muddin rufin nan bai fashe ba, ruwa ba shi da hanya. Ranar da kwano ya faɗi ya ɓantare, daga wannan ɗan tabo baƙi tsatsa za ta shiga, ta bi ƙarƙashin gilashin tana ɗaga shi, har a wayi gari ana neman mai faci. Kowace matar aure a Kano ta san wannan ilmi tun ba a koyar da shi a jami'a ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka shiga zamanin Audu Baƙo da kuɗin man fetur, sai Bompai ta yi kaɗan. Aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, Challawa ta biyo baya a hanyar Panshekara. Dokokin mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni na 1972 da 1977 suka shigo da attajiran gari cikin harkar. Aka yi ta sauke injuna daga Ingila da Jamus da Italiya da Japan, masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na gadajen ƙarfe. Gwamnatin Tarayya ita ma ta yi niyyar mayar da ƙasar nan mai narka ƙarfenta: aka ƙulla yarjejeniyar gina Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, aka buɗe kamfanin Aladja a 1982, aka kafa masana'antun murza rodi a Katsina da Jos da Osogbo. Babban tanderun Ajaokuta, wanda aka gina domin tamar Itakpe, bai taɓa fitar da ƙarfe ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don an yi magana a kansa har an gaji.

To, me ke faruwa ga ƙarfen da aka girke a waɗannan unguwanni? Ulick Evans na Jami'ar Kambirij ya nuna tun a shekarun 1920 cewa ɗigon ruwa guda a kan faifan ƙarfe ɗan ƙaramin batir ne. Gefen ɗigon yana samun iska sosai, tsakiyarsa kuwa ba ta samu, wannan bambanci shi ke sa lantarki ya gudana, kuma wurin da iska ta yi ƙaranci shi ke cinyewa. Shi ya sa tsatsa ke son lungu: ƙarƙashin kan noti, tsakanin kwano da kwano, ƙarƙashin ƙurar da ta kwanta ta jiƙe. Wani Baturen Ingila kuma, Vernon, ya nuna a shekarun 1930 cewa ƙarfe ba ya tsatsar kirki sai laimar iska ta haura wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma idan akwai hayaƙin farar wuta a cikin iskar, daga nan abin sai ya yi tsalle.

Ta wannan fuska Allah ya yi wa Kano gata. Daga kaka zuwa bazara iskarmu a bushe take, da hunturu laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ƙarfe ya yi wata shida ko bakwai yana barci. Motar da za ta ruɓe a Ikko, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri dare da rana, a nan sai ta tsufa da jikinta. Amma gatan yana da iyaka ta hanya biyu. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, takan kwanta a kan rufi da cikin indararo; ruwan farko idan ya sauka bai isa ya wanke ta ba, sai ya mayar da ita laka mai riƙe danshi. Ta biyu kuma, wadda ta fi muhimmanci, ita ce masana'anta tana yi wa kanta yanayi. A cikin majema ta zamani ba a san hunturu ba. Ana adana fata da gishiri, ana cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari na farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ana jiƙa ta a ruwan batir da gishiri kafin a jeme ta da kuromiyam. A marinar masaƙa kuwa tururi ne da soda da gishiri. Janareto kuma yana gefe yana ƙona gas yana fitar da hayaƙin nan da Vernon ya yi gargaɗi a kansa. Ruwan da ya gama cin bututu da tankuna shi ne ke fita, na Bompai ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa ya bi Salanta ya haɗu da na Challawa a kogin da birnin ke ɗibar ruwan sha. Akwai abin mamaki a nan: kuromiyam ɗin da ake zubarwa a kogin shi ne wanda Harry Brearley na Sheffield ya gauraya da ƙarfe a 1913 ya sami ƙarfen da ba ya tsatsa. Idan ya kai kashi goma da rabi cikin ɗari, yakan yi wa ƙarfe wata fata siririya da ido ba ya gani, wadda ke gyara kanta in an ƙarce ta.

Yanzu sai mu zo kan haske. A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo, ya bi kowane launi da ma'aunin zafi. Da ya gota ja, ya kai ma'aunin inda ido ba ya ganin kome, sai zafi ya ƙaru. Ashe akwai haske a bayan ja. Turawa suka kira shi infared, ni kuwa zan kira shi hasken bayan-ja. Shi ne kuke ji a fuska idan kun matsa kusa da garwashin maƙera. An yi fiye da shekara ɗari kafin William Coblentz na Amurka ya buga, a 1905, jerin awon da ya nuna cewa kowane sinadari yana da nasa sassan wannan haske da yake shanyewa. Na'urar da ake aiki da ita a yau, mai lissafi da dabarar Bafaranshen nan Fourier, ta shiga kasuwa a 1969, bayan da kwamfuta ta sami hanyar yin lissafin cikin sauri. Aikin da a da yakan ɗauki sa'o'i yanzu minti ɗaya ya ishe shi.

Yadda abin yake shi ne, ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka zama sinadari ba a sandare suke ba, rawa suke yi, suna miƙewa suna lanƙwashewa, kowace mahaɗa da saurin rawarta, kamar yadda kowace tsarkiyar molo take da muryarta gwargwadon kauri da ɗaurinta. Idan aka haska abu da hasken bayan-ja, mahaɗar da saurin rawarta ya dace da wani sashe na hasken sai ta shanye wannan sashe. Na'ura ta duba abin da ya fita, ta zana inda aka sami giɓi. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, kuma a nan karin maganar ta faɗa daidai kan gaɓa, domin ƙarfe tsantsa ba ya ba da irin wannan zane, mayar da hasken kawai yake yi kamar madubi. Sai ya haɗu da oksijin ko ruwa ko farar wuta sa'an nan a ji muryarsa. Wannan hali nasa ma aka mayar abin amfani: Robert Greenler ya nuna a 1966 cewa idan aka kwantar da hasken ya shafi fuskar ƙarfe a karkace ƙwarai, ana iya jin amon abin da ya kwanta a kanta ko da kaurinsa bai wuce na ƙwayar sinadari ɗaya ba. Ke nan ana iya kallon tsatsa tun tana jaririya, kafin ido ya ga ja.

Ana auna hasken da yawan igiyoyinsa a cikin santimita ɗaya, yawanci daga 4,000 zuwa 400. Tsatsar farko, mai launin ruwan goro, mai laushi, wadda ake kira lefidokurosayit, tana shan haske a wajen 1,020 da 750. Idan ta sha jiƙa da bushewa shekara da shekaru takan juye ta zama getayit, mai duhu da tauri, wadda alamarta ke wajen 890 da 795. Idan an ga giɓi mai faɗi a wajen 1,100, to hayaƙin farar wuta ya taɓa wurin. Akwai kuma muguwar cikinsu, akaganeyit, mai sunan wata mahaƙa a Japan, wadda ba ta fitowa sai inda gishiri yake, tana kuma ɓoye gishirin a cikin jikinta ta riƙa sakinsa a hankali. Wanda ya kankare ƙarfe mai irin wannan tsatsa sama-sama ya shafa fenti, ya binne wuta ne a cikin ƙaiƙayi. Ita ce kuma ke farfasa tsofaffin kayan ƙarfe da aka tono daga ƙasa bayan an ajiye su a gidan tarihi. Mai masana'anta da ya san irin tsatsar da ke cin rufinsa ya san ko gishiri zai yaƙa, ko hayaƙi, ko kuwa indararo kawai zai share.

Da wannan hanya, tare da wasu, Misawa da abokan aikinsa a Japan suka bayyana a 1974 yadda tsatsa ke sauya kama a sararin iska, da dalilin da ya sa wani ƙarfe mai ɗan gaurayen tagulla da fosfaras yake yin tsatsar da ke toshe kanta ta hana ci gaba. Bayanin nasu ya taimaka wajen warware wata tsohuwar tambaya. A birnin Delhi na Indiya akwai ginshiƙin ƙarfe mai tsawon mita bakwai, nauyinsa ya kai tan shida, an ƙera shi wajen shekara ta 400 ta hanyar bugun curi a kan curi, irin dai aikin tanderun gargajiya, yana tsaye a fili har yau bai ruɓe ba. Binciken Balasubramaniam na Kanpur ya danganta haka ga yawan fosfaras a ƙarfen, da kuma yanayin Delhi mai doguwar rani. Duk mai hankali da ya ji wannan zai tuna da ƙyamaren Gidan Makama.

Kada a ɗauka na'urar nan bokanya ce. Baƙar tsatsa, watau magnatayit, da hematayit, alamunsu suna cunkushe a ƙasa da 600, suna hawa kan juna, sai an nemi taimakon hoton ekisire ko na'urar Raman kafin a rarrabe su da tabbaci. Haka nan tana faɗin irin tsatsa ne, ba ta faɗin zurfin da ta ci; wannan sai a sikeli da ma'aunin kauri.

Akwai wani wuri da ilmin kakanninmu da na na'ura suka yi kiciɓis, kuma ina jin daɗin ambatonsa. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Dukawa kuma idan suna son baƙi a jikin fata sai su shafa kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Baƙin nan yana fitowa ne saboda sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa ya gamu da ƙarfe. To, maganin da ake sayarwa a gwangwani yau da sunan mai juya tsatsa, wanda ake shafa wa jan ƙarfe ya koma baƙi kafin a yi fenti, da yawansa tanin ne jigonsa, kuma da hasken bayan-ja ake tabbatar da cewa juyin ya auku, domin alamun lefidokurosayit sukan ragu, na sabon haɗin su bayyana. Abin da baduku ke yi domin ado, shi injiniya ke yi domin kariya. Bagaruwa kuwa ba a sayo ta da dala.

Sauran labarin kun san shi, wasunku ma a gidajensu ya faru. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta zube, kayan gyara suka gagara saye, wutar lantarki ta zama sai an gani, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masana'antu da yawa a unguwannin nan uku suka sa kwaɗo. Inji mai aiki yana da ɗumi, yana shan mai, akwai mai goge shi kowace safiya. Ranar da aka kashe shi, sanyin asuba zai sa raɓa ta kwanta masa, rufin da ba mai hawa ya soma yoyo, damina ɗaya ta isa ta liƙe abin da ke juyawa. Gini ma bai tsira ba. Siminti yana kare rodi saboda yana da kaifi irin na kanwa, amma idan iska da gishiri suka ratsa suka kashe kaifin, rodin zai yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri ninki biyu zuwa sama, sai ta tsaga ginshiƙi daga ciki. A ƙarshe 'yan gwangwan su zo da sikeli. Injin da aka sayo da kuɗin gyaɗa da na fetur a sare shi da wuta, a auna shi kilo-kilo kamar yadda ake auna kayan jari-bola, a narka a yi rodi.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun yi masa lissafi. Kwamitin Hoar a Ingila ya ƙiyasta a 1971 cewa lalacewar ƙarafa tana cin wajen kashi uku da rabi cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ƙungiyar injiniyoyi ta NACE ta yi wa duniya duka irin wannan ƙiyasi a 2016, ta sami dala tiriliyan biyu da rabi, watau kashi 3.4 cikin ɗari. A ganina kuskuren shekarun 1970 shi ne an sayo injuna ba a sayo ilmin tsare su ba. An ɗauki mai gadi a ƙofa, ba a ɗauki mai gadin ƙarfen kansa ba. Maganar kuwa ba ta wuce ba, domin fatan da ake yi na tayar da Sharaɗa da Challawa da Bompai ya rataya a kan bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, mai tsawon kilomita 614. Ƙarfe ne binne a ƙasa, yana ratsa fadama da kogi. Abin da ke tsare irinsa shi ne rufin da aka yi masa, da wani ɗan lantarki da ake tura masa dare da rana, dabarar da asalinta ke komawa ga gwajin Humphry Davy a kan jiragen ruwan Ingila a 1824. Ita ma tana buƙatar mai dubawa, shekara bayan shekara, bayan an watse daga bikin buɗewa.

Aikin da nake ganin ya kamata sashen kimiyyar sinadarai da na injiniya da namu na harsuna su haɗa hannu a kai ba mai tsada ba ne. Akwai ƙa'idar duniya, mai lamba ISO 9223, ta auna zafin cin iskar kowane wuri: a yanka faifan ƙarfe a auna nauyinsa, a kafa shi a fili shekara guda, a ɗauko a sake aunawa. A kafa irin waɗannan faifai a kan Dala, da bayan wata majema a Challawa, da kusa da wata marina a Sharaɗa, da tsakiyar Bompai, wasu tsirara, wasu da tutiya, wasu an shafe su da ruwan bagaruwa. A kankaro tsatsarsu a ƙarshen damina, a sake kankarowa a ƙarshen hunturu, a kai wa hasken bayan-ja. Abin da aka samu kuma a rubuta shi da Hausa, a kai Ƙofar Ruwa a karanta wa masu walda da masu sayar da kwano da rodi, a tambaye su sunan da suke kiran ja mai laushi da shi, da baƙa mai tauri, da mai ɓawo-ɓawon nan da ke fitowa inda gishiri ya taɓa. Inda suke da suna mu rubuta nasu, inda babu mu zauna tare da su mu raɗa.